Ƙarfe Ba Ya Rufa Wa Mai Rawa Asiri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da sauran ma'aikata, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka. Wasiƙar za ta yi ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da ni. Wanda ya daɗe a ƙasar wasu, in ya samu kunnen ɗan gida ba ya saurin saki.

Kwanan baya wani yaro ɗan Damagaram da muke haya gida ɗaya a unguwar Manfuha, nan Riyad, ya miƙo mini wayarsa bayan sallar isha'i ya ce, "Baba, duba wannan, kamar da kai ake." Rubutun nan ne da kuka buga a kan mutum-mutumin ƙasar Sin guda 16 da suka yi rawa a bikin sabuwar shekararsu cikin Janairun 2025, an saka musu 'yar shara mai furanni, suna wulwula hankici a hannu, mutane na takawa a gefensu. Marubucin ya ce makaɗa da masu rawa su fara neman wata sana'a tun da sauran rana. Ya ƙara da cewa rawar zamani da ake yi da na'urori a ƙasashen waje shirme ce ta waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Allah ya saka masa da alheri, ya iya alƙalami. Amma da jin maganarsa a waya ya kalli abin. Ni kuwa na zauna taku huɗu tsakanina da irin wannan rawa, dare uku a jere, da tsumman goge ƙasa a hannuna. Gani ya kori ji.

Ni haifaffen cikin birnin Kano ne. Tun ina ɗan shekara 12 na shiga ƙoroso, ban bari ba sai da na doshi 30. Muna zuwa biki da suna da taron siyasa, wani lokaci har ƙauyukan Katsina da Jigawa. Da iyali suka zo, rawa ba ta cika tukunya, na bi sahun masu tahowa ƙasar nan. Shekara 11 na yi a Makka ina tura tsofaffi a keke, ɗawafi da Safa da Marwa. Sawu bakwai tsakanin duwatsun nan biyu kusan kilomita 3 ne, kuma a goman ƙarshe na azumi mutum kan yi zubi biyar ko shida a dare guda, ga Hajiya a gaba tana cewa "ɗana, ɗan ƙara sauri." Jiki magayi. Likita ya ce ƙashin baya ya zame ya danne jijiya. Kafin in gama jinya kekunan lantarki sun yawaita a benen Harami, tsoho ya hau ya murza ya tafi abinsa ba ya neman kowa. In na ce ban ji haushinsu ba na yi ƙarya. A 2019, shekarar da aka fara bukukuwan nan na shekara-shekara a Riyad, wani kamfani mai haɗa dandamali ya ɗauke ni. Ina naɗe waya, ina manna salatif, ina goge ƙasa, abin da bayan zai iya ɗauka.

Na san wasu za su ce tsoho da furfurarsa, a ƙasa mai tsarki, ya rasa abin da zai rubuta sai rawa. Tukuna dai, Riyad ba Makka ba ce, tsakaninsu ya haura kilomita 800, ko da yake a gida duk wanda ya hau jirgin Saudiyya cewa ake ya tafi Makka. Hukunci kuwa na malamai ne, na bar musu kayansu. Ni abincina a bayan dandamali yake, abin da ido ya gani a can na kawo.

Wata ƙungiyar masu rawa ce ta zo daga waje. Kayansu suka iso cikin akwatunan katako, ɗaya sai da motar ɗaga kaya ta sauke shi. Da aka buɗe sai ga hannun ƙarfe ruwan lemo, irin wanda ke walda a masana'antar motoci, gaɓoɓi shida, in ya miƙe ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Muka ɗaure shi a kan faifan ƙarfe da manyan notuna. Injiniyansu, wani saurayi sa'an ɗana na fari, ya zagaye wurin da salatif rawaya, ya tara mu ya yi jawabi, tafinta ya mayar mana: duk wanda ya tsallaka layin nan alhali fitilar can tana kunne, ya sani abin nan bai san bambancin kan mutum da kwali ba.

Tafintan ma namu ne. Haihuwar Makka, a Shara Mansur ya tashi, kakansa ne ya taho daga ƙasar Hausa ta Sudan a zamanin da ake zuwa a ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce, Baffa yake ce mini, yana karatun jami'a yana ɗan wannan aiki a gefe.

Mai rawar namiji ne, siriri, zai yi shekara 35, babu takalmi, yatsun ƙafarsa duk a naɗe da filasta. Babu ganga babu sarewa. Wani gunji ne kawai ke fitowa daga lasifika, kamar ka tsaya gindin taransifoma. Hannun ƙarfen ya sauko a hankali kamar raƙumi zai sha ruwa, mutumin ya ɗora goshinsa a kai. Ya tura shi, ya ja da baya. Hannun ya zagayo ta bayansa, shi kuma ya sunkuya ya sulale ta ƙarƙashi. Can hannun ya shiga hammatarsa ya ɗaga shi sama, ƙafafu na lilo, ya juya da shi ya dire. Waɗanda suka kalla daga kujera sun ce sai ka rantse abin nan tausayinsa yake ji, kamar uwa da ɗa. Ni daga inda nake tsugune ina jin abin da ba su ji. Numfashinsa kamar zugazugin maƙeri. Bakinsa kuma bai daina motsi ba, yana ƙidaya ƙasa-ƙasa daga ɗaya zuwa takwas, ya koma ya sake. In ƙidayar nan ta kuɓuce masa, ƙashinsa ne zai biya.

Edita, mu a ƙoroso ba mu taɓa ƙidaya ba. Ba don mun fi shi gwaninta ba, wallahi abin da mutumin nan ke yi da jikinsa ko ina ɗan 20 ba zan iya rabinsa ba. Mu dai muna da wanda ke kallonmu. Wata rana a wani biki abokin rawata yana kan kafaɗata, ya sarƙe ƙafafunsa a wuyana zai sulalo ta baya, ashe wani ya watsar da ruwan wanke hannu a filin, ƙasa ta yi santsi. Na tafi zan zube. Tsohon da ke mana ganga, Allah ya jiƙansa da rahama, idonsa ba ya barin ƙafafunmu. Kafin gwiwata ta kai ƙasa ya karya kiɗan, ya ƙara bugu biyu da babu su a ciki, mai sarewa ya bi shi, sai faɗuwata ta zama durƙuso kamar da ma haka aka shirya. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani Alhaji ya keto fili ya liƙa mini 'yar Murtala a goshi. Sai da muka koma zaure muna kwance ƙoroson ƙafa tsohon ya ƙwanƙwashe ni da sandar ganga ya ce, "Gobe ka sake kallon 'yan mata ka bar kallon ƙasa, ka ga in ban bar ka ka sha ta ba." A cikin kuɗin da ake raba mana ba a taɓa ware masa na wannan aikin ba, alhali shi ne babban aikinsa: rufin asiri.

A gwajin rana ta biyu mai rawar nan ya makara. Ba da yawa ba, ƙiftawar ido. Hannun ya zo inda aka ce ya zo, a lokacin da aka ce ya zo, ya doke shi a gefen gwiwa ya yar. Injiniyan ya ɗan juya yana magana da mai fitilu. Ba dukan ne ya tsaya mini a rai ba. Mutumin na kwance ya riƙe ƙafa, shi kuwa ƙarfen ya ci gaba da harkarsa. Ya lanƙwasa a hankali, da wannan taushin da 'yan kallo ke kira tausayi, ya rungumi iska, ya ɗaga iskar sama, ya fara juyawa da ita, sannan saurayin ya kai hannu kan jan madanni. Duka bai wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba. Na ga abubuwa a duniya, na ga an ɗauke gawar mutum daga kan kekena, amma rungumar iskar nan sai da tsigar jikina ta tashi.

Na ruga na ƙullo ƙanƙara a leda, na ciro man zafin da ba na rabuwa da shi a aljihu. Ya shinshina ya yi dariya, ya shafa. Mudirin wurin ya zo, bai kalli gwiwar ba, tambayarsa ɗaya: za a yi wasan ko kuwa, an riga an sayar da tikiti. Mai rawar ya ce za a yi.

Da dare aka cika maƙil. Ina tsugune a wurina, injiniyan na tsaye gabana kaɗan da akwatin sarrafawa a hannu, wani abu mai allo kamar ƙatuwar waya da igiya a gindinsa. Akwai lamba a allon da ke nuna gudun hannun, kullum a 100 nake ganinta. Daren nan na ga ya danna ta sauko 90. Da aka zo wurin ɗagawa, inda mai rawar zai dira a kan ƙafar mai ciwo, ya ƙara rage ta, yana dira lafiya ya mayar. Ya waiwayo ya ga ina kallonsa, ya ɗora yatsa a baki. Daga nan har aka tashi idonsa bai bar gwiwar nan ba. Na san kallon. Na shekara goma sha ina rawa a ƙarƙashinsa. Babu wanda ya gane komai a cikin 'yan kallo, suka miƙe tsaye suna tafi, suna ɗaukar hannun ƙarfen hoto. Saurayin yana cikin duhu yana goge gumin tafin hannunsa a wando.

To ga amsata ga marubucinku. Makaɗi ba zai rasa aiki ba, akwatin nan ne gangar yanzu. Abin da ya hana ni barci daban ne. Na duba zauren nan daren nan, mu baƙaƙe muna nan da yawa, 'yan Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan, amma a tsumma muke, da tsani, da dakon akwati. Na kusa da mu da akwatin shi ne tafinta, shi ma baki kawai yake ara musu. In har jikin ɗan Adam zai riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙarfe, kuma ya riga ya fara, a masana'anta da asibiti da rumbunan kaya, to dole a samu wanda zai tsaya da yatsa a kan lambar nan yana kallon gwiwar mutum. In ba a samu ba, ko aka samu wanda riba kawai yake kallo, lambar a 100 za ta zauna. Yaran da ke kai abinci a babur a garin nan sun san zancen. Waya ce ke ƙidaya musu mintoci, ba ta san azumi ba, ba ta san zafin watan Yuli ba, in ka makara ta rage maka maki. Su ma ƙidaya suke yi ƙasa-ƙasa. Da na ba ɗan Damagaram ɗin nan labarin rungumar iska, shi da yake aikinsa ke nan, bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Baba, ai ranar da mota ta kaɗe ni ina kwance a titi wayar tana ta ƙara wai abinci ya huce."

Shi ya sa kalmar shirme ta tsaya mini a wuya. Akwai shirme a cikin harkar, ban musa ba. Na goge ƙasa wa wasu da suka yi awa guda suna birgima cikin hayaƙi, har yau ban ga abin da aka tsinta ba. Amma na ƙwarai a cikinsu tambaya suke yi da jikinsu, kuma tambayar tamu ce mu masu cin abinci da ƙarfi: in an haɗa jiki da inji, wa zai bi wani?

Yaron nan tafinta ne ya nuna mini abin ba jiya aka fara ba. Muna cin kabsa a bayan dandamali ya ce, "Baffa, ka san cikin waɗanda suka fara jawo kwamfuta cikin rawa har da tsoho mai ciwon gaɓoɓi irinka?" Merce Cunningham sunansa, Ba'amurke, an haife shi a 1919, ya rasu a 2009 yana da shekara 90. Da sanyin ƙashi ya rage masa abin da zai iya nuna wa yaransa da jikinsa, tun farkon shekarun 1990 yana tsara motsi a kwamfuta da wata manhaja mai suna LifeForms da aka ƙirƙira a wata jami'a a Kanada. A 1999 ya yi wata rawa, BIPED, inda aka manna wa masu rawa 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓi, kyamarori suka kwashe motsinsu, aka zana mutane na haske da shi, aka haska su a wani labule shara-shara a gaban masu rawa na gaske. Na ji tsohon a raina. Ƙafa ta ƙi, amma rawar na nan cikin kai tana neman hanyar fita. Akwai kuma wani mutumin Ingila, Wayne McGregor, da ya sa aka karanta ƙwayoyin halittarsa na gado, a 2017 ya yi rawa mai kashi 23 a kansu, kwamfuta ce ke zaɓar jerin da za a bi kowane dare. A 2019 shi da Google suka ɗura wa ƙirƙirarriyar basira bidiyon ayyukansa na shekara 25, har ta zama in mai rawa ya yi motsi sai ta kawo shawarar na gaba. Wani ɗan Taiwan, Huang Yi, shi da kansa yake tsara wa hannun ƙarfe na kamfanin KUKA motsi, ya hau dandamali su yi tare.

Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu Amy Purdy ce. Ba'amurkiya ce, sanƙarau ya kama ta tana shekara 19, aka yanke ƙafafunta biyu daga ƙasan gwiwa. Mu da muke Kano a 1996 ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba, a layinmu kaɗai na san gidan da aka fitar da yara biyu a mako guda, na uku ya tashi kurma. A bikin buɗe gasar naƙasassu ta duniya a birnin Riyo na Brazil, a 2016, matar nan ta fito a kan ƙafafun roba ta yi rawa da irin wannan hannun ƙarfe a gaban duniya. Yaron ya nuna mini a waya, na ce ya maimaita. A je a tambayi gurgun da ke tura kansa a kan katako mai taya a danjar Kano ko maganar inda jiki ya ƙare ƙarfe ya fara maganar ƙoshi ce.

Kada a ɗauka gaba nake da inji. Akwai aikin da nake addu'ar ya ƙwace. A tseren raƙuma na ƙasashen yankin nan da ƙananan yara ake ɗorawa, ana kawo su daga Sudan da Pakistan da Bangladesh saboda ba su da nauyi, wasu su faɗo su karye. A 2005 Katar da Daular Larabawa suka haramta, aka koma ɗaure ɗan ƙaramin mutum-mutumi mai bulala a doron raƙumi, mai raƙumin na bin gefen fili a mota yana sarrafa shi. Wa zai yi kukan wannan? Kekunan lantarkin da na ji haushi ma, yau in na je Umara su nake hawa. A watan Oktoban 2017 kuwa, a nan Riyad aka sanar an ba wata mutum-mutumi mai suna Sophia shaidar zama 'yar ƙasa. Mu masu tara riyal kowace shekara don sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, muka sha dariya a wurin mai shayi, wani ya ce a tambayo mana ita ko tana da ƙani.

Abu ɗaya dai na lura da shi a wurin mutanen nan. Duk sayen na'urar da suke yi ba su yar da nasu ba. Rawar takobi ta Najdu, arda, da sarki da 'ya'yan sarki suke shiga su yi, sun kai ta UNESCO an rubuta ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2015. Mizmar, rawar sanda ta Hijaz, aka rubuta a 2016. Na sha tsayawa kallonta a bukukuwan Jidda, maza sun yi sahu suna tafi suna amshi, biyu a tsakiya suna wulwula sanda, masu gangar da yawansu fatarsu irin tamu. A nan ma idon mai ganga yana kan ƙafa. Ko'ina haka yake.

Kashi na biyu na wasan da na ba ka labari shi ya kai ni ga abin da nake son roƙonka. An manna wa mai rawar 'yan ɗigo a gwiwa da kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu, duk motsin da ya yi sai wani mutum na zaren haske, ya ninka shi girma sau uku, ya yi irinsa a bangon baya. Da farko tare suke tafiya. Can sai na hasken ya fara riga shi. Daga ƙarshe mutumin ya zube a ƙasa, da gangan wannan karon, ƙirjinsa na hawa da sauka, na bangon kuwa ya ci gaba da rawarsa, da salon mutumin, da ɗan karkata kan da yake yi, ba gumi ba gajiya, har aka kashe fitilu. Ni ne mai shiga cikin duhun in goge wurin da ya kwanta. Tsumma biyu nake jiƙewa.

A daren ƙarshe muna kwance kaya, ashe mai rawar ya lura da ni tun rana ta farko, wai kafaɗata ba ta zama wuri ɗaya in yana rawa. Ya sa tafinta ya tambaye ni. Na ce da can ne. Ya nace. Na cire silifa na yi masa taku huɗu da juyi ɗaya, ba ƙoroso a ƙafa, ba sarewa, bayana na zagina. Ya tsuguna yana kallon diddigena. Ya gwada, ya kasa, ya sake gwadawa, ya ce ta ina nauyin ke bi. Sai ya ce in zan yarda su manna mini ɗigon nan, minti goma kawai, kwamfuta ta ɗauka, za su ba ni wani abu.

Na ce a'a. Na ce wa yaron ya gaya masa rawar ta mutum biyu ce, rabi ya gani. Gaskiya ne, amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Na tuna mutumin bangon nan. In takuna ya shiga akwatinsu ya haye teku, gobe wani zaren haske zai riƙa yin sa a gaban mutanen da ba su taɓa jin sunan Kano ba, babu mai cewa ga tsohon da ya koya mana. Kuma ba nawa ba ne balle in sayar. Tafintan ya ce tsorona ba na banza ba ne, a ƙarshen 2018 wasu masu rawa a Amurka sai da suka kai kamfanin wasan kwamfuta na Fortnite kotu a kan an kwashi takunsu ana sayar wa yara ba da izininsu ba. Mai rawar bai ji haushi ba. Ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, ya ce in riƙe masa sunan man zafin.

A motar komawa gida na fara cizon yatsa. Na hana baƙo, to wa na ba? 'Ya'yana ba wanda ya iya, ni na hana su, na ce su yi boko. Mai gangarmu ya daɗe a ƙasa. Mai sarewa tun kafin in taho ya koma tuƙi. Abin da ake gani yanzu a waya minti ɗaya ne, an ɗauko fuska da kwalliya, an ɗora wata waƙa daban a kai, ƙafar ma ba a nuna ta. Ranar da muka ƙare, wanda zai zo da ɗigonsa ba zai ma samu wanda zai ce masa a'a ba.

Don haka, Edita, roƙona biyu ne. Ka tura wakilinka ya nemi tsofaffin 'yan ƙoroso da 'yan takai da makaɗan kalangu da suka rage, ya ɗauke su da kyau. Ya sa kyamara ɗaya a ƙafa, ɗaya a idon mai ganga, don abin yana tsakanin biyun nan. A rubuta sunan kowa da sunan wanda ya koya masa, a ajiye a gida, ko a Gidan Ɗan Hausa ko a jami'o'inmu, ta yadda duk mai so zai zo ya yi sallama ya nema. Na biyu, yaranmu masu karatun kwamfuta da injiniya, a ce musu su riƙa zuwa suna zama kusa da makaɗa a wurin biki. Ba don su koyi kiɗa ba. Su ga inda tsoho ke ajiye idonsa, kafin a miƙa musu akwatin.

In za a fara, a fara da abokin rawata, wanda ke kan kafaɗata ranar santsin nan. Yana nan cikin birni, hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu shekara huɗu ke nan. Hannun dama yana aiki. Ƙanwata ta ce in aka sa sarewa a rediyo yatsunsa kan buga a kan tabarma, kuma ba ya kuskure. Juyin da nake yi rabi, shi ya san ɗaya rabin. In kun amsa zan aiko da kwatancen gidan. Wakilin ya je da hantsi, ya riƙa masa ɗan goro fari, da yamma harshensa kan yi nauyi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon ɗan ƙoroso,
Manfuha, Riyad, Saudiyya.